Yadda Za Ka Ƙera Yatsun Mutum-mutumi Masu Ɗaukar Albasa Da Injin Sarbo

Yau za mu ɗan ajiye maganar manhajoji mu koma ga abin da ake taɓawa da hannu. Za mu koyi yadda ake tsara mariƙi, wato yatsun da ake sa wa hannun mutum-mutumi don ya kama abu ya ɗaga, kuma da wayarka ta Android za ka riƙa ba shi umarni.

A 2022 da yawanmu mun ga labarin Isah Auwal Barde, matashi ɗan shekara 17 daga Kano, wanda ya haɗa mutum-mutumi mai kwaikwayon motsin jikinsa. Ganin wannan ne ya sa ni ma na fara sayen kayan haɗi. Da yake ni ɗan Sabiyal ne a ƙaramar hukumar Aliero, inda albasa ce abincinmu kuma ita ce kuɗinmu, abin da na fara cewa hannuna zai ɗauka shi ne albasa.

Sarbo biyu na ƙona kafin na gane cewa matsalar daga lissafina take. Na farko haƙoran giyarsa suka karye, na biyu ya yi zafi har ya daina motsi, kuma kowanne sai da na jira kwanaki kafin a aiko mini da shi ta mota zuwa Jega. Wannan darasin na rubuta shi ne don kada ka yi irin asarar da na yi.

Me ya sa albasa?

Ɗaukar kwalin ashana ba wuya. Albasa kuwa tana da abubuwa uku da ke wahalar da mariƙi: zagaye take, ɓawonta yana da santsi, kuma girmanta ba ɗaya ba ne. Ga shi ba ta son matsa. Ranar da kawuna ya ga hannun ya ɗaga albasa, bai yaba ba. Karɓa ya yi ya latsa wurin da yatsun suka riƙe, ya ce, "Yaro, wannan in ta shiga rudu, ita za ta ruɓar da 'yan uwanta." Na ce, "Kawu, ai ba ta fashe ba." Ya ce ba sai ta fashe ba, ƙujewar ciki ta isa.

Ke nan aikin da ke gabanmu shi ne yatsun su riƙe da ƙarfin da zai hana ta zamewa, ba tare da sun wuce su ƙuje ta ba. Duk wanda ya iya wannan, tumatir da ƙwai ma zai iya da ɗan gyara.

Mene ne sarbo?

Idan za ka nema a shago ko a intanet, servo za ka rubuta. Ɗan akwati ne mai abubuwa huɗu a ciki: ƙaramin injin da ke juyawa, jerin giya da ke rage gudunsa su ƙara masa ƙarfi, wani ma'auni irin na murɗa sautin rediyo da ke sanin inda ƙarfen ya tsaya, da ɗan allon lantarki da ke kwatanta inda yake da inda aka ce ya je. Bambancinsa da injin fanka shi ne, shi ba ya ta juyawa haka kawai. Ka ce masa digiri 90, zai je digiri 90 ya tsaya, in ka tura shi kuma ya yi ƙoƙarin komawa.

Wayoyinsa uku ne: mai ruwan ƙasa ita ce nagetif, ja ita ce fozitif, mai ruwan lemo ita ke kawo umarni. Umarnin bugun lantarki ne da ake aikawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon bugun ne ke faɗin kusurwa. Bugu mai tsawon kashi 1.5 cikin 1000 na daƙiƙa yana kai shi tsakiya. Ba sai ka lissafa wannan da kanka ba, Arduino zai yi maka.

Guda uku ne aka fi samu a kasuwa:

- SG90: nauyinsa giram 9, giyarsa ta roba, ƙarfin murɗarsa wajen 1.8 kg.cm.
- MG90S: girmansu ɗaya da SG90, amma giyarsa ta ƙarfe ce, ƙarfinsa wajen 2 kg.cm.
- MG996R: nauyinsa giram 55, giyar ƙarfe, ƙarfinsa 9.4 kg.cm a bolt 4.8, ya kai 11 kg.cm a bolt 6.

Ka kula wajen saye. Akwai irin da aka rubuta wa 360, shi juyawa kawai yake yi kamar taya, ba ya tsayawa a kusurwa. Mai 180 za ka nema.

Ma'anar kg.cm

Ka tuna sifana. In noti ya ƙi kwancewa, makanike yakan zura bututu a hannun sifanar don ya ƙara mata tsawo, sai notin ya saki. A wajen sarbo abin juyewa yake, domin shi yana wajen notin ne, kayan kuma suna can ƙarshen sifana. Duk yadda yatsa ya ƙara tsawo, haka ƙarfin da ke bakinsa ke raguwa.

Sarbo mai 1.8 kg.cm zai iya riƙe kilo 1.8 a nisan santimita 1 daga inda yake juyawa. A santimita 2, giram 900. A santimita 6, giram 300 kacal. Kuma wannan lambar da ke jikin kwali ita ce iyakarsa, inda yake cijewa ya kasa motsi. Don aiki na yau da kullum kada ka ɗora masa fiye da rabinta, kashi ɗaya cikin uku ya ma fi.

Mataki na 1: Auna abin da za ka ɗauka

Kada ka yanka komai tukuna. Ɗauki albasa mafi girma da kake so hannun ya ɗauka, ka aza ta a sikeli, ka auna faɗinta da rula. A wannan darasin za mu yi aiki da mai giram 200.

Mataki na 2: Auna santsi da wayarka

Yatsu biyu da suka matse abu daga gefe, kaushin da ke tsakanin fatarsu da abin ne ke hana shi faɗuwa. Ana auna wannan kaushin da lamba, kuma za ka iya samo ta a gida. Manna busasshen ɓawon albasa a ƙasan kwalin ashana, ka zuba tsakuwa a cikin kwalin. Shimfiɗa abin da za ka yi yatsun da shi a kan katako, ka aza kwalin a kai, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali. Ɗora wayarka a kan katakon da manhajar auna kusurwa a buɗe. Da kwalin ya fara zamewa, duba digirin, ka shiga kalkuletar waya ka danna tan na wannan lambar.

Misali, in ya zame a digiri 17, lambar kaushin 0.3 ce. In sai da ya kai digiri 35, ta zama 0.7. Gwada a kan robar famfo tsirara, sannan ka gwada a kan tsohon tub na babur, za ka ga bambanci da idonka.

Mataki na 3: Lissafin da zai cece ka

Ƙarfin da kowane yatsa zai matsa da shi shi ne nauyin albasa a raba da lambar kaushi sau biyu. Sai ka ninka amsar sau 2, saboda hannun zai yi motsi da girgiza. Daga nan ka ninka da tsawon yatsa.

Ga tsarina na farko, yatsu masu santsi, tsawonsu santimita 8, mu ce kaushinsu 0.3:

- 200 ÷ (2 × 0.3) = giram 333
- 333 × 2 = giram 667 a kowane yatsa
- 0.667 × 8 = 5.3 kg.cm a kowane yatsa
- yatsu biyu a kan sarbo ɗaya = 10.7 kg.cm

Ni kuma SG90 mai 1.8 na ɗora wa wannan aikin. Kusan ninki shida na ƙarfinsa. Ko MG996R ma da wannan tsarin a bakin iyakarsa zai tsaya.

Yanzu mu sauya abu biyu. Mu naɗe yatsun da tub, kaushi ya koma 0.7, mu rage tsawonsu zuwa santimita 6:

- 200 ÷ (2 × 0.7) = giram 143
- 143 × 2 = giram 286 a kowane yatsa
- 0.286 × 6 = 1.7 kg.cm a kowane yatsa
- yatsu biyu = 3.4 kg.cm

Daga 10.7 mun sauko 3.4, kuma abin da muka kashe bai wuce guntun tub da mai faci zai ba ka kyauta ba. MG996R zai ɗauki wannan cikin kwanciyar hankali. Wani alherin kuma, matsar da albasar ke sha ta ragu daga giram 667 zuwa 286, wanda shi ne abin da Kawu yake magana a kai.

Mataki na 4: Zaɓi fasali

Akwai hanyoyi uku da mai farawa zai iya bi.

Na farko, yatsa ɗaya a kafe, ɗaya yana motsi. Wannan ya fi sauƙi, kuma sarbo yatsa ɗaya kawai yake turawa, don haka 1.7 kg.cm yake buƙata, jikin mariƙin ne ke ɗaukar sauran. Aibinsa shi ne yana tura albasar gefe kafin ya kama ta.

Na biyu, yatsu biyu masu haɗe da giya, suna buɗewa su rufe tare kamar awartakin maƙera. Yana kamawa a tsakiya, amma yanka haƙoran giya da hannu yana da wuya. In haƙoran ba su zauna daidai ba, yatsun za su riƙa girgiɗi.

Na uku, mai jijiya. Mu da muka tashi kusa da masu ɗori na Aliero mun sha jin cewa ƙashi ba ya motsi sai da jijiya. Yawancin naman da ke lanƙwasa yatsunka ma a damtsen hannu yake, jijiyoyi ne ke jawo su daga nesa. Haka za ka iya ajiye sarbo a baya, ya riƙa jan zaren kamun kifi da ke bi ta cikin gaɓoɓin yatsun, roba kuma ta mayar da su. Yana rungumar abu da kyau, sai dai zaren yana saki da lokaci.

Shawarata ka fara da na farko. In ya yi aiki, sai ka matsa gaba.

Ko wanne ka zaɓa, ka lanƙwasa yatsun kamar ludayi, bakinsu ya ɗan shiga ƙarƙashin albasar. Ta haka wani ɓangare na nauyin yana zaune ne a kan yatsun, ba kaushi kaɗai ke riƙe da shi ba. Yatsan da ke kafe kuma ka yi masa baki biyu, albasar ta samu wurin zama uku kamar tukunya a kan murhu.

Kayan da za ka tanada

- Arduino Uno ko Nano
- Sarbo MG996R mai digiri 180
- HC-05, na haɗa Bluetooth
- Batir 18650 guda biyu da gidansu
- LM2596, mai rage ƙarfin wuta
- Kafasito mai 1000 µF
- Razisto 1k da 2k
- Makunni daga cikin mataccen linzamin kwamfuta
- Bututun famfo na PVC, tsohon tub, ƙananan noti da wosha
- Wayar OTG da mitar auna wuta

Mataki na 5: Yanka da haɗawa

Fara zana yatsun a kwali, ka yanka, ka haɗa da ƙusa, ka gwada su a jikin ƙaramar albasa da babba. Gyara a kwali ba ya cin kuɗi. In fasalin ya zauna, tsaga bututun PVC, ka gasa shi sama-sama a kan garwashi har ya yi laushi, ka danne da katako ya miƙe. A waje za ka yi wannan, kuma kada ka bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Aza kwalin a kai ka zana, ka yanka da zarto, ka goge bakin.

Kafin ka ɗaura yatsa a kan sarbo, ka fara haɗa shi da Arduino ka tura shi kusurwar buɗewa, sannan ka ɗaura yatsan a buɗe. In ka ɗaura shi yadda ka ga dama, ranar da ka kunna zai iya bugun jikin mariƙin da dukkan ƙarfinsa. Haka haƙoran sarbona na farko suka tafi.

Makunnin linzamin kuma ka binne shi a cikin yatsan da ke kafe, ƙarƙashin tub, daidai inda albasa za ta taɓa.

Mataki na 6: Wuta

A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Kada ka ba sarbo wuta daga ƙafar 5V ta Arduino. Ramin USB na yau da kullum rabin ampiya yake bayarwa, shi kuwa MG996R in ya cije yana iya jan ampiya 2.5. Alamar wannan kuskuren ita ce Arduino ya riƙa mutuwa yana tashi da zarar yatsun sun kama abu.

Ga yadda za ka haɗa:

1. Batir biyu a jere suna ba da bolt 7.4, in sun cika 8.4. Kai su ƙafar VIN ta Arduino da kuma mashigar LM2596.
2. Murɗa ɗan notin LM2596 kana duba mita har mafitarsa ta nuna bolt 5. Sai ka tabbatar kafin ka haɗa sarbo.
3. Jar wayar sarbo da mai ruwan ƙasa su tafi mafitar LM2596. Sa kafasito a tsakaninsu, ƙafarsa mai zane a nagetif.
4. Mai ruwan lemo ta tafi ƙafa ta 9 a Arduino.
5. Nagetif ɗin sarbo da GND na Arduino dole su haɗu. In ba su haɗu ba, sarbo zai ta rawa ba ya jin umarni.
6. Makunni: ƙafa ɗaya a ƙafa ta 2, ɗaya a GND.
7. HC-05: VCC a 5V na Arduino, GND a GND, TX ɗinsa a RX na Arduino. TX na Arduino kuma ya bi ta razisto 1k kafin ya shiga RX na HC-05, sannan ka sa 2k daga RX ɗin zuwa GND, domin bolt 3.3 yake so.

Gargaɗi a kan batir: 18650 yana kama wuta in aka haɗa bakinsa biyu ko aka huda shi. In daga tsohon batirin laftof ka ciro, duk wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage ka ajiye shi gefe. Da zafin bazara irin na Kebbi, kada ka bar shi a rana ko a ɗakin kwano a rufe yana caji.

Mataki na 7: Kod

Abin da ya ƙone sarbona na biyu shi ne layi ɗaya: na ce masa ya tafi digiri 120, albasa ta tare shi a hanya. Shi bai san da albasa ba, ya ci gaba da turawa yana shan wuta har ya mutu. Maganin shi ne ya riƙa rufewa digiri ɗaya-ɗaya yana sauraron makunni.

```
#include <Servo.h>

Servo yatsa;
const int MAKUNNI = 2;
const int BUDE = 30;
const int IYAKA = 120;
const int KARI = 3;
int kwana = BUDE;

void kama() {
  while (kwana < IYAKA && digitalRead(MAKUNNI) == HIGH) {
    kwana++;
    yatsa.write(kwana);
    delay(20);
  }
  if (kwana < IYAKA) {
    yatsa.write(kwana + KARI);
  }
}

void saki() {
  while (kwana > BUDE) {
    kwana--;
    yatsa.write(kwana);
    delay(10);
  }
}

void setup() {
  Serial.begin(9600);
  pinMode(MAKUNNI, INPUT_PULLUP);
  yatsa.attach(9);
  yatsa.write(kwana);
}

void loop() {
  if (Serial.available()) {
    char umarni = Serial.read();
    if (umarni == 'k') kama();
    if (umarni == 's') saki();
  }
}
```

BUDE ita ce kusurwar da yatsan ke buɗe, IYAKA kuma inda zai tsaya in bai tarar da komai ba. Waɗannan lambobin nawa ne, kai za ka nemo naka gwargwadon yadda ka ɗaura. KARI ita ce 'yar matsar da yake ƙarawa bayan makunni ya danna, domin makunnin linzami da ɗan taɓi kaɗan yake dannuwa, kafin riƙon ya yi ƙarfi.

In ba ka da kwamfuta, manhajar ArduinoDroid tana tura kod daga waya zuwa Uno ko Nano ta wayar OTG. Ka cire wayoyin TX da RX na HC-05 yayin turawa, in ba haka ba zai ƙi shiga. In kayanka ba su iso ba tukuna, shiga shafin Wokwi, akwai Arduino da sarbo da makunni na gwaji, ka ga kod ɗin yana aiki kafin ka kashe ko sisi.

Mataki na 8: Gwaji

Buɗe Bluetooth na wayarka ka nemo HC-05, lambar sirrinsa yawanci 1234 ce. Da Android yake aiki, iPhone ba ta ganinsa. Sauke manhajar Serial Bluetooth Terminal, ka haɗa, ka aika k ya kama, ka aika s ya saki.

Sai ka yi gwaji uku. Na farko, ɗaga mariƙin da albasa a ciki ka girgiza. In ta zame, ƙara 1 a kan KARI ka sake. Ka tsaya a lamba mafi ƙanƙanta da ta riƙe. Na biyu, bar shi riƙe da ita minti biyu, ka taɓa jikin sarbo. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma in yana ƙugi da ƙarfi ko ya yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai, cire wuta ka rage KARI. Na uku shi ne gwajin Kawu: kama albasa biyar, ka yi musu alama, ka ajiye su tare da biyar da hannun bai taɓa ba. Bayan mako biyu ka yanka duka ka duba ko akwai laushi a inda yatsun suka riƙe.

Matsalolin da za ka iya cin karo da su

- Sarbo yana rawa: duba haɗin nagetif, sannan ka auna batir.
- Yana rufewa maimakon buɗewa: juya yadda ka ɗaura yatsan, ko ka sauya lambobin da alamomin ƙari da ragi a kod.
- Yana tsayawa tun bai taɓa komai ba: tub ɗin ya danne makunni, sassauta naɗin.
- Ƙaramar albasa ba ta danna makunni: matsar da shi inda kowace albasa ke zama, ko ka manna ɗan faifan roba mai faɗi a kansa.

Kammalawa

Wannan mariƙin ba zai tsince buhu ɗaya ba kafin masu aikin albasa a kasuwar Aliero su gama goma, kuma ban ƙera shi don haka ba. Abin da za ka fita da shi shi ne hanyar: ka auna nauyi, ka auna santsi, ka lissafa ƙarfin murɗa, sannan ka sayi sarbo. Wannan lissafin ne ɗaliban injiniya ke yi a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, kuma ka ga da sikeli da kalkuletar waya ma ana yin sa.

Aikin gida: ɗauki tumatir mai giram 80, ka auna kaushinsa a kan tub, ka lissafa ko MG90S zai iya riƙe shi da yatsa mai santimita 5. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗora mariƙin a kan hannu mai gaɓa biyu, mu ga yadda nauyinsa ke shiga lissafin sarbon kafaɗa. Sai mun haɗu.